Ɗan Majalisar da Ya San Inda Titi Zai Bi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, na Garwa, na Marwa, na Ngaundare, da ku da kuke tsallaken kogin Logon a ƙasar Cadi. Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu je birnin Niyu Yok na Amurka, mu koma baya shekara ɗari da ɗoriya, mu duba rayuwar wani ɗan majalisar dokokin jiha da ya tara dukiya ta hanyar sayen filaye. Sunansa George Washington Plunkitt. Na zaɓo shi ne don dalili ɗaya. Masu irin sana'arsa suna yi suna ɓoyewa, shi kuwa ya zauna a bainar jama'a ya bayyana yadda ake yi dalla-dalla, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda cewa ya ci haƙƙin kowa ba.

Kafin mu shiga, bari mu gyara zama a kan kujerar da ya riƙe, don tsarinmu a Kamaru ya sha bamban. A Amurka kowace jiha tana da majalisarta mai yin doka, tana yanke haraji, tana ware kuɗin gada da titi. Wanda yake zuwa Yola ko Maiduguri ya san irin wannan, don Najeriya ma haka take. Ta jihar Niyu Yok tana zama a garin Albani, kuma zaure biyu gare ta, na wakilai da na dattawa. Mu a nan gwamna naɗa shi ake yi daga Yawunde. Abin da ya fi kusa da waccan kujera a wajenmu shi ne majalisar yanki, wadda aka fara zaɓa ranar 6 ga Disamba 2020, mai mutum 90: mutum 70 kansilolin gari ne suke zaɓarsu, 20 daga ɓangaren sarakuna. Ba ta yin doka, amma tana da baki a tsarin raya yanki da maganar hanyoyi. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

An haifi Plunkitt a watan Nuwamba na 1842. Iyayensa baƙi ne daga ƙasar Ailan, talakawa, suna zaune a wata unguwar bukkoki a tsibirin Manhattan. Wurin da aka haife shi daga baya hukuma ta karɓe shi, ta tashi mutanen da ke ciki, ta haɗa shi cikin babban lambun shaƙatawar nan na Central Park. Wato tun yana yaro ya ga yadda sa hannu ɗaya na hukuma yake sauya ƙaddarar ƙasa da ta mutanen da ke kanta. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya tuƙa keken doki, ya yi yaron mahauci, har ya buɗe nasa teburin nama a kasuwa.

Yadda ya shiga siyasa abin a tsaya a kai ne, don shi da kansa ya ba da labarin. Bai fara da jawabi ba, bai fara da kuɗi ba. Yana da wani ɗan uwa da siyasa ba ta dame shi ba, sai ya je ya ce masa, ina son ƙuri'arka ta zama a hannuna. Ɗan uwan ya amince. Da wannan ƙuri'a ɗaya ya je wajen shugaban jam'iyya na unguwa ya ce, ba ni kaɗai ba ne, ina da mutum a bayana. Daga nan ya jawo abokan makaranta biyu, ya bi gidan hayar da yake zaune ɗaki ɗaki, ya wuce gidan gaba, har ya tara wajen mutum 60 ya kafa ƙungiya da sunansa. A lokacin ba shi yake neman manya ba, su suke nemansa.

Manyan nan su ne 'yan Tammany Hall, ƙungiyar da ta riƙe wuyan jam'iyyar Dimokurat a birnin shekaru aru-aru. Ƙarfinta yana wajen baƙin haure da jiragen ruwa suke saukewa kullum, mutanen da ba su san kowa ba, ba aiki, ba masauki. Tammany tana samar musu aiki da takardar zama ɗan ƙasa, su kuma ranar zaɓe su biya da ƙuri'a. A ƙarƙashin wannan inuwa Plunkitt ya shiga majalisar wakilan jiha a 1869 da 1870. Ya yi alfaharin cewa a shekara ɗaya ya riƙe muƙami huɗu lokaci guda, yana karɓar albashin uku. Bayan haka ya zauna a majalisar dattawan jihar har sau uku: 1884 zuwa 1887, sai 1892 zuwa 1893, sai 1899 zuwa 1904. A gefe yana kwangilar gine-gine, musamman aikin bakin tashar jiragen ruwa, yana kuma sayen ƙasa.

Ofishinsa na gaskiya ba a Albani yake ba. A harabar kotun birni akwai wurin masu goge takalma, a nan yake hawa kujera ya zauna, masu neman aiki da masu neman alfarma su jeru. Wani ɗan jarida, William Riordon, ya riƙa rubuta abin da yake faɗa a wurin, ya tattara ya buga a 1905. Daga nan duniya ta san dabarar.

Ga yadda ya raba abin. Ya ce ci a siyasa iri biyu ne. Akwai mai datti: ka ɗebi kuɗin baitulmali, ko ka tsorata masu gidan caca da masu sayar da giya su riƙa ba ka na goro. Wannan ya ce bai taɓa yi ba. Sai kuma wanda ya kira mai tsabta. Jam'iyyarsa ce take mulki. Sai a raɗa masa cewa za a yi lambu a wuri kaza, ko za a gina gada. Ya ɗauki taswira, ya je ya saye duk filin da zai iya saya a kewayen tun babu mai kallon wurin. Ranar da hukuma ta yi shela, kowa ya rugo, shi kuma ya yanka farashin da ya ga dama. Ya ba da misalin wata fadama, ruwa da laka, da ba mai so ko kyauta. Ya ji za a yi babban lambu a wajen, ya saye ta. Da aka zo aiki aka ga lambun ba zai cika ba sai da fadamar Plunkitt, dole aka biya shi da tsada. Hujjarsa ita ce ya ga dama ta zo ya kama, kamar yadda ɗan kasuwa yake hango tsadar auduga ya saya ya ajiye.

Akwai wani labarin nasa da yake nuna halin mutumin fiye da na filin. Birni ya sake shimfiɗa wani titi, aka tara tsofaffin duwatsun daɓe za a yi gwanjonsu. Wata jarida ta gayyato wasu masu saye daga waje don su tayar masa da farashi. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kai guda nawa kake so? Wannan ya ce 20,000, wancan 15,000. Ya ce to ku yi shiru ku bar ni in taya, zan ba kowa nasa kyauta. A cewarsa, ya sayi duwatsu 250,000 a kan dala biyu da rabi na Amurka. Mai gwanjo ya yi ta roƙon a ƙara, ba wanda ya buɗe baki. Wannan ma a lissafinsa ci mai tsabta ne.

To, 'yan uwa, a nan ni da shi muka raba hanya, kuma ina so ku bi ni a hankali, don maganar tasa tana da zaƙi a kunnen ɗan kasuwa. Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu da suka sauka a Garwa da Ngaundare da goro da kanwa da tufafi, da hangen nesa suka ci abinci. Wanda ya sayi masara lokacin kaka ya sayar da bazara, ya sa kuɗinsa a haɗari: ƙila ta yi tsada, ƙila ta faɗi, ƙila ƙwari su cinye. Plunkitt ba hange ya yi ba. Gaya masa aka yi. Kuma an gaya masa ne saboda kujerar da talakawa suka ɗora shi a kai. Sau da yawa ma ba labari kawai yake ji ba, yana cikin masu ɗaga hannu a yanke inda aikin zai sauka. Wanda yake da hannu a zaɓen inda gada za ta bi, kuma yana da fili a gefen kogi, ta yaya za a san gadar don jama'a aka ajiye ta a nan ko don filinsa?

Kuɗin da ya ci kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Mutum biyu ne suka biya. Na farko mai filin da ya sayar da arha don bai san abin da mai saye ya sani ba. Na biyu baitulmalin birni, wato harajin mahauci da mai keken doki, irin aikin da shi kansa ya taso a ciki, da aka ɗiba aka sayi fadama da tsada. Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Kuma lokacin da wani ma'aikacin zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Labarin inda titi zai bi, ba don kujera ba, wa zai kai wa Plunkitt shi a teburin nama?

Amma in na tsaya nan ban yi wa tarihin adalci ba. Me ya sa mutanen unguwarsa suka yi ta zaɓensa shekara da shekaru, alhali sun san yana ci? Amsar tana cikin yininsa. An rubuta yadda rana ɗaya tasa take tafiya. Ƙarfe 2 na dare an tashe shi ya je belin wani da 'yan sanda suka kama. Ƙarfe 6 na safe ya ji motar kashe gobara, ya bi ta, ya kwashi waɗanda gidansu ya ƙone ya kai su masauki, ya ba su tufafi da abinci. Da hantsi yana kotu, ya roƙa an saki wasu, ya biya wa wasu tara, ya biya kuɗin hayar wani gida da za a watsa wa kaya waje. Kafin azahar yana yawon nema wa mutane aiki. Da yamma jana'izar ɗan Italiya, daga can jana'izar Bayahude, da dare taron coci, sannan bikin aure. Sai tsakar dare ya kwanta. A zamanin da hukuma ba ta da wani tanadi ga wanda gobara ta cinye wa gida, shi ne tanadin. Matar da aka hana a fitar da ita da 'ya'yanta kan titi cikin sanyi, in ka ce mata mutumin nan ya ci riba a fadama, me za ta ce maka? Ni ban raina wannan hidima ba, kuma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da majinyaci ba kuɗin magani ba zai raina ta ba. Abin da yake ci mini rai shi ne, da ɗan kaɗan daga abin da aka ɗauka a hannun mutane ake yi musu alherin, su yi godiya, su sake miƙa kujerar.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne dokar ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, wadda jihar ta kafa a 1883. Dalili a bayyane yake: in jarrabawa ce take ba da aiki, me zai raba wa yaransa? A zaɓen 1904 wani ɗan jam'iyyar Rifablikan, Martin Saxe, ya kayar da shi. A 1905 shugabancin unguwar ma ya suɓuce masa. Ya rasu a watan Nuwamba na 1924 yana da shekara 82, attajiri.

Yanzu mu dawo gida. Ku dubi yadda garuruwanmu suke faɗaɗa. An kafa jami'ar Marwa a 2008, ku tambayi mutanen Kongola yadda ƙasarsu take kafin nan da yadda ta koma. An gyara filin wasa na Rumde Ajiya da hanyoyin Garwa saboda gasar ƙwallon Afirka da aka buga a farkon 2022, a shekarar kuma aka kafa jami'ar Garwa. Ga gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor. Kowane irin wannan aiki, kafin a ji shi a rediyo, ya kwana a teburin wasu. Ba na zargin kowa da suna, kuma ba laifi ba ne ɗan majalisa ko magajin gari ya mallaki fili ko ya gina gidajen haya. Tambayar ita ce yaushe ya saya, kuma me ya sani ranar da ya saya.

Ku kwatanta wannan a zuciyarku, don da yawanku kun taɓa ganin irinsa. Bayan gari, gindin bishiya, an shimfiɗa tabarma. Dattijo mai gona yana zaune, jauro, wato mai unguwa, yana gefe, ga mota an ajiye a nesa kaɗan. Mai motar bai ma fito ba, yaronsa ne ya zo da kuɗi a leda. Ya ce, "Baba, Alhaji ya ce a gaishe ka. Ya ji ɗiyarka za ta ɗaki, ya ce gonar nan ta tudu da ba ta ba ka komai, ya karɓa ya taimaka maka." Dattijo ya ce, "Allah ya saka wa Alhaji, ɗana." Aka yago takarda daga littafin ɗan makaranta, aka rubuta da Faransancin da dattijon ba ya karantawa, ya dangwala yatsa, jauro ya buga hatimi. Bayan damina biyu sai ga masu awo da turakun siminti, ga jan fenti a jikin itatuwa, titi zai ratsa.

Dokar ƙasa ta Kamaru tana ƙara wa mai ido a gari ƙarfi a kan wannan dattijo, in bai san ta ba. Tun dokar 6 ga Yuli 1974, duk filin da ba shi da takardar mallaka, wadda muke kira titir fonsiye, kuma ba na gwamnati ba ne kai tsaye, yana cikin abin da ake kira ƙasar al'umma, gwamnati ce take kula da ita. Gonar da ka gada kaka da kakanni, in ba wannan takarda, a idon doka kana amfani da ita ne kawai. Wanda iyalinsa suke zaune ko suke noma a wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana da damar neman takardar kai tsaye. Ana ajiye buƙata a ofishin su-perefe, wato shugaban gunduma na gwamnati, kwamiti ya fito ya ga wurin, a cikinsa akwai sarkin yankin da dattawa biyu, masu awo su kafa turaku, a yi shela ko akwai mai ja. Tun gyaran da aka yi a 2005, ba sai takarda ta je Yawunde ba, a matakin departema, wato lardi, ake fitar da ita. Dokar ta kuma ce cinikin fili sai a gaban notaya, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya ya buga mata hatimi, kuma sayar da filin da ba shi da takarda ba ciniki ba ne a wajenta. Wato waccan takarda ta gindin bishiya ba ta kare kowa. Sai dai wanda ya san ƙofofin ofis yana iya juya ta ta zama titir da sunansa, talaka kuwa ba ya iyawa.

Bambancin yana fitowa ranar da hukuma ta zo karɓar wuri don aikin jama'a. Mai titir ana biyansa kuɗin ƙasar kanta. Wanda ba shi da ita, abin da ya dasa ko ya gina ake ƙiyastawa, mangwaro nawa, ɗaki nawa. Gona ɗaya, ƙasa ɗaya, amma diyyar ta danganta da sunan wa yake a rajista ranar da aka zo.

Akwai maganin da aka rubuta tun tuni. Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996 ya wajabta wa shugaban ƙasa, ministoci, 'yan majalisa da duk wani zaɓaɓɓe su bayyana dukiyarsu ranar hawa da ranar sauka. An yi dokar aiwatar da shi a watan Afrilu na 2006. Shekaru suka yi ta wucewa ba a kafa hukumar da za ta karɓi bayanan ba. Da ana aiki da shi, da mai fili uku ranar rantsuwa wanda ya sauka da talatin, duk a bakin sabon titi, zai sami mai tambayarsa. Idan depite, wato ɗan majalisar ƙasa, ko ɗan majalisar yanki ya zo neman goyon baya a unguwarku, wannan tambaya ce da za ku iya yi masa cikin ladabi, a gaban jama'a: ranka ya daɗe, ina aka kwana a maganar sashe na 66?

Ku kuma masu gona a bakin gari, a Bokle ne, a Jambutu ne, ko a kewayen Marwa, in kuka ga baƙi sun fara zarya suna taya wurin da shekara goma ba wanda ya taya, kada ku yi gaggawa ko da buƙata ta matso. Ku tara magada tukuna, don gonar gado ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma rabin shari'un fili daga nan suke tashi. Ku sami ɗanku ko ɗan maƙwabci mai karatun Faransanci, ku je ofishin magajin gari ku nemi ganin taswirar tsarin gari, ku je ofishin awon ƙasa ku tambaya ko wani ya riga ya ajiye buƙata a kan wurin. In iyalinku suna wurin tun kafin 1974, ku haɗa kuɗi ku fara neman titir da sunan magada gaba ɗaya, ko da za a ɗauki lokaci. In kuma sayarwar ta zama dole, a karanta muku takardar da Hausa ko Fulatanci, kalma bayan kalma, kafin yatsa ya taɓa tawada.